Na kasa ƙera madugu a D&D, wane tsari ne zai karɓe shi?

Jikan Fatake ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan tebur. Tambaya gare ni, amma sai na yi 'yar shimfiɗa, ku yi haƙuri da tsawonta.

Mu biyar ne muke haɗuwa duk Asabar bayan la'asar a ɗakin wani abokina, yau wajen shekara ɗaya da rabi, kuma D&D bugu na biyar kaɗai muka taɓa bugawa, wato na 2014, wasan nan da kowa ke ƙera mutuminsa a takarda, mai jan wasa ya ba da labari, a jefa 'ya'yan ludo a ga abin da ya faru. Mai jan mana wasa ya ce wata mai kamawa zai buɗe sabon labari, kowa ya zo da sabon mutum. Ni kuwa akwai wani tsoho da ya daɗe yana kai-komo a kaina. Madugu ne. Ya ba sittin baya, idonsa ɗaya, ya shekara talatin yana jan ayarin jakuna, babu zangon da bai kwana ba, babu rijiyar da bai san ɗanɗanon ruwanta ba. Yana jin harshe huɗu. In ya zauna ciniki sai ya karya wa mai kaya farashi, mai kayan kuma ya raka shi da godiya. Ga rowa kamar ta kashe shi. Faɗa kuwa bai iya ba ko kaɗan, wuƙar da ke ƙugunsa ta yankan igiya ce. A labaran fataken Gwanja da kakata ke ba mu muna yara na tsinto shi.

Daren Laraba na baje takarda na fara. Lambobin nan shida da littafi ke bayarwa, 15, 14, 13, 12, 10 da 8, ban sha wahala da su ba: 15 na kai wa kwarjini, 14 hikima, 13 ƙwaƙwalwa, 8 na jefa wa ƙarfin jiki. Wajen asali ma na sami ɗan kasuwa a ƙarƙashin Guild Artisan, har da alfadari da amalanke. Ina ta murna. Da na iso wajen zaɓen rukuni, wato irin aikin da mutum zai riƙe a wasan, sai tafiya ta tsaya cak.

Rukuni goma sha biyu ne a littafin. Takwas daga ciki tsafi suke yi, ko tun farko ko daga mataki na biyu. Bard shi ne gwanin baki, amma maroƙi ne mai tsafi da kayan kiɗa, madugu kuma ba ya roƙo. Ranger ya san daji, sai dai maharbi ne, shi ma da tsafinsa. Huɗun da suka rage, uku 'yan dambe da takobi ne. Saura Rogue. Na ɗauke shi don yana ninka ƙwarewa a fanni biyu tun matakin farko, har lallashinsa ya kai +7. Amma da na dubi takardar, me zan gani? Dattijona ya iya soka wa mutum wuƙa ta baya, yana jin zaurancen ɓarayi, ga kayan fasa kwaɗo a jakarsa. Wallahi sai da na ji kunyar kakata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ido ɗayan da rowar. Akwai gurbin rubuta aibi a takardar, na rubuta, amma in mai jan wasa bai tuna ba, babu abin da ke faruwa. Ado ne kawai.

To ku da kuka zaga wasu tsare-tsaren, wanne ne zai bar ni in ƙera mutumin da amfaninsa ba a fagen fama yake ba, kuma nakasarsa da mugun halinsa su yi aiki a kan tebur? Ban damu da wanda ya fi yawan zaɓi ba. Wanda zai karɓi tsohon nan nake nema.

Akawun Maki ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, GURPS kake nema, ba ka sani ba ne kawai. Kamfanin Steve Jackson Games ya fitar da shi a 1986, bugu na huɗu ya fito a 2004, kuma babu rukuni a cikinsa sam. Maki ake ba ka kamar jari, ka shiga kasuwa ka sayi mutuminka gaɓa-gaɓa.

Bari in yi maka lissafin a nan, da maki 150. Sifofi huɗu ne, kowace tana farawa daga 10 kyauta. Ƙwaƙwalwa maki 20 ce kowane hawa ɗaya, in ka kai ta 13 ka kashe 60. Ƙarfi maki 10 ne, ka sauke shi zuwa 9 a mayar maka da 10. Ga inda za ka ji daɗi: ido ɗaya yana cikin littafin da farashinsa, maki 15 za a ba ka, kuma duk harbin da zai yi daga nesa bai tsaya ya yi saiti ba an rage masa 3. Rowa ma tana nan, maki 10. Duk sanda aka zo fitar da kuɗi sai ka jefa 'ya'yan ludo uku, in jimla ta wuce 12 to hannun tsoho ya ƙi buɗuwa, ko da kai mai wasan kana so. Wajen sau ɗaya cikin huɗu ke nan. Ba sai mai jan wasa ya tuna ba, doka ce.

Da rarar sai ka sayi sana'a. Ciniki da maki 8 zai kai 15, kuma a 'ya'yan ludo uku samun 15 ko ƙasa da haka ya haura kashi 95 cikin ɗari. Akwai fannin jagoranci, akwai na sarrafa dabbobi, akwai na sanin yanki, har ɗaura wa dabba kaya fanni ne mai zaman kansa, Packing suke ce masa. Ka gaya mini wani wasan da ya san ɗaurin mangala ilimi ne. Harsuna kuma kowanne da farashinsa, ka zaɓa ko yana jin sa kamar ɗan gari ko yana gwaranci, ko ya iya magana bai iya rubutu ba.

Akwai GURPS Lite, shafi 32, kyauta ne a intanet. Fara da shi.

Mai Baka Biyu ya rubuta:

Akawu, ka faɗi daɗin ka ɓoye ɗacin. Na taɓa zaman ƙera mutum a GURPS, mu huɗu da kalkuleta, daga azahar har aka kira isha ba mu jefa ɗan ludo ko sau ɗaya ba. Kuma a ƙarshe wani cikinmu ya kwaso aibobi tuli don ya tara maki, mutuminsa ya fito gurgu, mai tsoron kare, mai bashi, maƙaryaci, amma yana harbin ƙuda daga nesa. Shi ya sa ma littafin ya ba da shawarar a sa wa aibobi iyaka.

Jikan Fatake, kafin ka saki D&D, ba ka gama lalube ba. A littafin ƙarinsa, Xanathar's Guide, akwai reshen Rogue mai suna Mastermind, wanda daga mataki na uku yake taimakon abokin faɗa daga nisan ƙafa 30 da baki kawai, yana tsaye a baya yana cewa ta hagu, ta hagu. Madugu ke nan. Haɗa da baiwar Inspiring Leader: jawabin minti goma, mutum shida su ƙara jini. In ka ɗauki nau'in ɗan Adam na biyu da ke littafin, mai samun baiwa tun matakin farko, ka gama. Sukar bayan kuma ba dole ka kira ta suka ba, ka ce sanda ya maka wa mutum a gwiwa. A bugun 2024 ma sun sa asalin ɗan kasuwa da ke zuwa da lallashi da sarrafa dabbobi a haɗe.

Amma in da gaske zaɓi kake so ba tare da ka bar irin wasan da 'yan teburinku suka saba ba, Pathfinder bugu na biyu, na 2019. A D&D bayan mataki na uku kusan an gama da kai, sai ka jira na 4, na 8, na 12 kafin a sake tambayarka me kake so. A Pathfinder kusan kowane mataki da abin da za ka zaɓa, kuma sun raba kwandunan: baiwar rukuni daban, ta fanni daban, ta zuri'a daban. Amfanin wannan rabon shi ne ba za ka sayar da iya faɗa don ka sayi iya ciniki ba, kowanne da aljihunsa. Rogue ɗinsu ma kowane mataki yana samun baiwar fanni. Kana iya ƙirƙiro fannin sani na kanka, ka rubuta sanin hanyoyin fatake, ya zauna a takarda da lambarsa. Dokokin duka suna Archives of Nethys kyauta, da izinin kamfanin Paizo, ga manhajar Pathbuilder a waya tana yi maka lissafi.

Sai dai in faɗa maka gaskiya, shi ma wasan faɗa ne. Lissafinsa a matse yake, an gina shi a kan cewa kowa zai ɗauki nasa kason in an kaure. Ka zo da tsohon da ba ya taɓuka komai, sauran huɗun ne za su ji a jikinsu.

Uwar Tebur ta rubuta:

Sannunku. Na karanta duka, kuma ina ga ƙanena Jikan Fatake ya riga ya gama ƙera mutuminsa tun a sakin layi na biyu, takardar da za ta ɗauke shi ce bai samu ba.

Shekara uku ina jan Fate Core wa ƙannena da 'ya'yan yayata in an yi hutu. Evil Hat ne suka fitar da shi a 2013. Abin da ake fara rubutawa a takardarsa jimloli biyar ne, kafin kowace lamba. Su suna ce musu aspects, mu a gidanmu kirari muke cewa, don da na yi wa yaran bayani sau biyu ba su gane ba, ina cewa kirari kowa ya ɗauki biro. Na farko shi ne ko kai wane ne. Na biyu matsalarka. Naka zai iya zama haka: "Madugu uban tafiya, Gwanja sau tara ba a ci ayarina ba." Matsala kuma: "Wuri ba ya barin hannuna sai da hawaye." Na uku: "Idon da ya rage ya fi biyun wasu."

Ga yadda suke aiki. Kowa na fara zama da tsakuwa uku, mu da 'ya'yan dabino muke yi. In kana son kirarinka ya taimake ka, ka ba da ɗaya, ka faɗi yadda ya shafi abin da ake ciki, a ƙara maka 2 ko ka sake jifa. Ta ina tsakuwa ke dawowa? Ta matsala. Ayari ya iso bakin kogi, masu fito sun yanka kuɗi, 'yan fashi na biye da ku. Sai in ɗaga ɗan dabino in ce, anya madugu zai biya wannan kuɗin bai tsaya ciniki ba? In ka karɓa, ka tsaya ciniki, rana ta faɗi kuna gaɓar nan, ɗan dabino ya zama naka. In ka ƙi, kai za ka biya ni ɗaya. Ka ga bambancinsa da na Akawu: a can an biya ka kuɗin rowa sau ɗaya tun ranar farko, daga nan sai ka yi ta addu'a kar ta tashi. A nan duk ranar da ta jefa ka a rami ake biyanka, har za ka ga mai wasa da kansa yana tuna mini, Anti, ai mutumina marowaci ne.

Kuma kalli kirarin idon nan. Kaifi biyu gare shi. Ranar da za a gane jabun awo a kasuwa zai taimake ka, ranar da wani zai lallaɓo ta gefen makahon idon ni zai taimaka.

Lambobin ba su da yawa: fanni ɗaya a +4, biyu a +3, uku a +2, huɗu a +1. Ka sa iya hulɗa a sama, sanin mutane da dukiya a ƙasansa, faɗa kuwa kar ma ka rubuta shi. Ba za ka zama kaya ba, don a Fate cacar baki a fadar sarki da dokokin faɗa ake yin ta, ana jin rauni, ana cin nasara. Ko an zare takubba, kai aikinka shirya wa wasu fage: ka kora jakuna tsakiyar maharan, wanda ke kusa ya ci moriyar ruɗanin.

Inda yake da rauni, ba zan ɓoye ba. Kusan komai +2 ne. Takobin gado +2, tsohuwar gaba +2, ruwan sama +2. Ɗan yayata mai son lissafi ya gaji da shi a hutu na biyu, ya ce duk miyar ɗanɗanonta ɗaya. Sannan yana son teburin da kowa ke da bakin magana. In 'yan wasanku irin masu jira a ce musu jefa ne, zai yi sanyi.

Tsohon Soja ya rubuta:

Duk kuna maganar tsoho amma ba wanda ya ambaci wasan da ake tsufa a cikinsa. Traveller, 1977, na Marc Miller. Kana farawa da shekara 18, ka shiga aiki, ɗan kasuwa na cikin ayyukan, kowane zango shekara huɗu. Kowane zango ka jefa ka ga ko ka tsira, ko an ƙara maka girma, me ka koya. Daga 34 jiki ya fara karɓar harajinsa. A bugun farko in jifar tsira ta ƙi, mutuminka ya mutu tun ba a fara wasa ba, sai ka ɗauki sabuwar takarda. Na zamani sun sassauta, rauni ko kora ake yi.

Na san na sararin samaniya ne, jirgi za a ba ka maimakon jaki. Amma ni a wurina mutumin da ka zauna ka tsara komai nasa ɗan tsana ne. Wanda ka so ya zama hafsa, ɗan ludo ya mai da shi korarren ɗan kasuwa mai bashin jirgi, wannan shi ne mutum. Idon madugunka kai ka cire shi. Da a Traveller ne, da ka san ranar da ya fita.

Call of Cthulhu ma yana lissafa shekaru: ɗan sittin ana zabge masa ƙarfi da sauri, a ba shi damar ƙarin ilimi. Sana'a ake zaɓa a can, kuma wanda ya iya faɗa ma gudu yake yi.

Jikan Fatake ya rubuta:

Kai, na gode ƙwarai, ban zaci zan sami amsa haka ba.

Yallaɓai Tsohon Soja, maganarka ta tsaya mini a rai, don gaskiya ban san yadda idon ya fita ba. Ban taɓa tambayar kaina ba. Amma ba zan iya ba ɗan ludo wuƙa da nama a kan wannan tsohon ba, na riga na san muryarsa. Wani karon dai.

Malam Akawu, na sauke GURPS Lite jiya da dare, na bi lissafinka, ya fita daidai, kuma karo na farko ke nan da na dubi takarda na ga madugu yana kallona. Matsalar ba tawa ba ce, ta mai jan wasanmu ce. Na tura masa, ya buɗe, ya rufe, ya turo mini saƙon murya yana dariya, ya ce shi da ya sha wuya kafin ya haddace dokokin D&D ba zai koma aji ɗaya saboda tsoho mai ido ɗaya ba. Kuma yana da gaskiya. Littattafan nan da kuɗinsa ya sa aka kawo masa, 'ya'yan ludon masu fuska 20 ma sai da muka jira wani mai dawowa daga tafiya. Har yau in mahaifiyarsa ta leƙo ta gan mu zagaye da su sai ta ce Allah ya shirye ku, mun yi rantsuwa ba ko sisi a ciki amma ba ta gamsu ba.

Abin da na lura da shi da na jera amsoshinku: tambayar farko da kowace takarda ke yi ta bambanta. Ta D&D da ta Pathfinder suna tambaya me kake yi in faɗa ya tashi, sauran duk ƙari ne. Ta GURPS tana tambaya nawa ne. Ta Anti Uwar Tebur tana tambaya me ake faɗa a kanka. Ni kuma amsar ta ukun na zo da ita, na je ina cusa ta a gurbin ta farko.

Akawun Maki ya rubuta:

"Nawa ne" ba zagi ba ne, ɗan'uwa, ai madugu ma abin da zai fara tambaya ke nan. Hajiya Uwar Tebur, ina da ja a kan abu ɗaya. A Fate in yaro ya rubuta "Na fi kowa iya komai" fa? A GURPS farashi ne ke hana shi.

Uwar Tebur ta rubuta:

An taɓa rubuta mini kusan haka, Malam Akawu. "Ba a taɓa kayar da ni ba." Na ce to madalla. Zama na biyu na sa wani ƙato ya ƙalubalance shi a tsakiyar kasuwa lokacin da sauran ke ƙoƙarin sulalewa ba a gan su ba, na ɗaga ɗan dabino. Ya karɓa, don mai irin wannan kirarin ba ya juya baya. Har yanzu 'yan'uwansa ba su yafe masa ba. Kuma ko kirarin ya kai gafiya tsawon wutsiya, 2 ɗin nan dai zai samu, sai ya biya.

Jikan Fatake, ba sai kun canza wasa ba. D&D na da abin da suke kira Inspiration, ladan da ake ba mai wasa in ya bi halin mutuminsa, yawancin masu jan wasa mantawa suke da shi. Ka roƙi naku ya ajiye 'yan tsakuwa a gabansa, duk sanda rowar madugu ta jawo wa ayari wahala ya miƙo maka ɗaya. Idon kuma, a littafin mai jan wasa na 2014 akwai dokar raunuka masu dawwama, rasa ido na ciki: nakasu a gani da harbin nesa. Ba a biyan ka komai a kai, amma tunda tsohonka ba ya harbi, rabin hukuncin bai same shi ba.

Jikan Fatake ya rubuta:

Anti, na kai masa wannan, ya yarda da tsakuwar, amma ya ce ɗaya tak a kowane zama, kar in mai da teburinsa kasuwar Kurmi. Mun tsaya a Mastermind ɗin da Mai Baka Biyu ya faɗa, za mu fara daga mataki na uku. Zaurancen ɓarayi mun mai da shi zaurancen fatake, irin wanda ake ciniki da shi a gaban mai kaya bai gane ba. Kayan fasa kwaɗo na ce a ba wani, ya ce doka ta ba ni, na ce to suna cikin mangala, ranar da aka matsu sai a tono.

Sukar bayan ce har yanzu ba mu daidaita ba. Shi yana so in riƙe ta don ayari na buƙata, ni kuma na ce sai dai in jaki ne zai yi harbin a madadina. Ya ce zai duba ko akwai dokar da ta hana. Fate kuma na karanta rabinsa a waya kafin caji ya ƙare, ina so in ja musu zama ɗaya da kaina a hutun Sallah. Anti, 'ya'yan ludon nan huɗu masu alamar tarawa da ɗebewa, dole sai su, ko na gidan ludo na yau da kullum za su yi?

Uwar Tebur ta rubuta:

Na ludo sun isa. 1 da 2 ɗebewa, 3 da 4 ba komai, 5 da 6 tarawa. Ni farar tef na liƙa wa nawa na zana da biro, sai dai tef ɗin na ɓarewa in hannun yara ya yi maiƙo.